Krenko, Chatterfang ko Ghave: wane kwamanda ya dace da ƙunshin tokin?

Duk wanda ya fara buga wasan kati na Magic: The Gathering a tsarin Commander, ba a daɗewa sha'awar tokin take kama shi. Tokin, galibi, shi ne sojan da ba shi da kati nasa a cikin ƙunshinka, wato tarin katunan da kake wasa da su. Wani katin ne ke haifar da shi a fage, kai kuma ka ajiye 'yar takarda ko ɗan lido ya tsaya a madadinsa. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, kafin a ankara tebur ya cika. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, gaskiya ne. Amma akwai abin da na ga yana kayar da masu sabon gini sau da yawa: mutum ya tara tokin ɗari uku, ya rasa yadda zai yi da su a wannan zagayen, na kusa da shi ya sauke Wrath of God, katin shara mai kashe duk halittun da ke fage, da mana huɗu (mana shi ne kuɗin sauke kati a wasan), a kwashe su kaf. Taron tsintsiya ke nan babu shara.

Saboda haka idan za a zaɓi kwamandan, wato katin da ke jagorantar ƙunshi, da za a gina kwambon tokin a kansa (kwambo shi ne haɗin katunan da ke maimaita aiki ba iyaka), yawan sojan da zai iya haifarwa ba shi ne ma'auni ba, domin duk ukun da zan kwatanta suna iya haifar da abin da ba ya ƙirguwa. Abin dubawa shi ne katuna nawa kwambon ke buƙata, ko yana kashewa nan take ko sai an jira zagaye ya dawo, da kuma abin da ƙunshin ke yi a wasannin da kwambon bai zo ba. Irin waɗannan wasannin su ne suka fi yawa.

A Commander ana gina ƙunshi da kati 100, babu kati biyu masu suna ɗaya in ban da katunan ƙasa na asali, masu ba da mana, kowa yana farawa da rai 40, kuma galibi mutum huɗu ne a tebur. Kwamanda yana zaune a gefe, a hannunka yake tun farkon wasa. Sauran 99 ɗin kuwa sai abin da ka jawo. Idan an kai zagaye na bakwai, ka ga kati 14 ke nan, bakwai na farko da bakwai da ka ja. Yiwuwar wani takamaiman kati guda ya kasance cikinsu kusan kashi 14 ne cikin ɗari. Idan kuwa takamaiman katuna biyu kake jira, bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Wannan lissafin shi ya sa nake ganin kuskure ne a gina kwambon da kwamanda ba ya ciki. In kwamanda shi ne rabin kwambon, kati ɗaya kawai kake nema, kuma in ka sa katuna uku masu lalubo maka shi daga cikin ƙunshi, yiwuwar ta haura zuwa kusan kashi 46. Krenko da Chatterfang da Ghave duk sun cika wannan sharaɗi, shi ya sa na tsaya a kansu.

Krenko, Mob Boss ya fito ne a Magic 2013, a shekarar 2012, kuma an sake buga shi sau da yawa tun daga nan. Ja ne zalla, mana huɗu, ƙarfi uku jiki uku. Aikinsa layi ɗaya ne: ka kwantar da shi, wato ka juya katin a kaikaice alamar ya yi aiki, ya haifi gwablin daidai yawan gwablin da kake da su, har da shi kansa. Ko shi kaɗai ne a fage, yana tafiya ɗaya, biyu, huɗu, takwas, sha shida. In kuwa ya tarar da gwablin uku a ƙasa, kwanciya biyu ta kai ka sha shida. Ba ya buƙatar wani kwambo kafin ya zama barazana, kuma wannan ne babban abin da ya fi sauran da shi.

Kwambonsa da aka fi sani shi ne Thornbite Staff, wata sanda daga Morningtide na 2008. Duk halittar da ta riƙe ta, tana miƙewa a duk lokacin da wata halitta ta mutu. Ka haɗa da Skirk Prospector, ɗan gwablin mai mana ɗaya wanda ke ba ka damar sadaukar da gwablin ka karɓi jan mana ɗaya. Da Krenko da Prospector kaɗai, gwablin biyu ke nan. Ka kwantar da Krenko, sun zama huɗu. Ka sadaukar da ɗaya, Krenko ya miƙe, saura uku. Ka sake, shida. Ka cire ɗaya, biyar su zama goma, tara su zama sha takwas, sha bakwai su zama talatin da huɗu, haka har inda ka ga dama. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne sandar kanta tana ba mai riƙe da ita ikon biyan mana biyu ya kwanta ya yi wa kowa lahani ɗaya. Tunda mana ya zama ba iyaka, kuma kowane gwablin da ya mutu yana tayar da Krenko, da sandar za ka ƙarasa teburin gaba ɗaya ba tare da ka kai hari ba. In Goblin Bombardment ka samu a maimakon Prospector, abin ya fi sauƙi, domin kowane gwablin da ka sadaukar harsashi ne.

Kuɗin duka mana goma sha ɗaya ne: huɗu na Krenko, biyu na sandar, huɗu na ɗaura ta, ɗaya na Prospector. Ba sai a zagaye ɗaya za a biya ba, kuma Prospector yana iya biyan kuɗin ɗaurawar da jinin 'yan uwansa. Akwai kuma kwambo na biyu da ke shiga ƙunshin ba tare da wahala ba, wato Kiki-Jiki, Mirror Breaker da Zealous Conscripts. Kiki-Jiki yana kwafar Conscripts, kwafin yana tayar da Kiki-Jiki, a sake. Kwafin suna zuwa da ikon kai hari nan take, don haka ba jira. Mana goma ne, kuma Goblin Matron tana lalubo Kiki-Jiki tunda gwablin ne.

Amma Krenko yana da rauni biyu da ba sa ɓoyuwa. Na farko, sai ya kwanta yake aiki, kuma dokar wasan ta hana halittar da ta sauka yanzu yin irin wannan aikin sai zagayenka ya sake zuwa. Mutum uku ne za su yi wasa kafin nan, kuma duk sun san ko wane ne Krenko. Swords to Plowshares mana ɗaya ne. An kashe shi sau ɗaya, ka biya shida ka dawo da shi, domin kuɗin kwamanda yana ƙaruwa da biyu duk lokacin da aka sake sauke shi. An sake, takwas. Dole ƙunshin ya cika da masu ba shi gaggawa, wato ikon yin aiki da zarar ya sauka, irin su Goblin Warchief da Goblin Chieftain da takalmin Swiftfoot Boots. A nan sai a kula da Lightning Greaves: tana kare shi daga abokan hamayya, amma tana hana ka kai ma ka ɗaura masa sandar muddin tana ƙafarsa, sai ka fara mayar da ita kan wani gwablin, kuma a wannan ɗan tsakanin ake kama shi. Rauni na biyu shi ne launin kansa. Ja ba shi da katunan lalube masu yawa. Matron ba ta ɗauko sandar, domin sandar ba gwablin ba ce. Hanyar da ake bi ita ce Matron ta kawo Goblin Engineer, shi ya jefa sandar maƙabarta, inda matattun katuna ke taruwa, daga baya ya ciro ta, kuma wannan tafiya ce mai tsawo a gaban idon kowa. Haka kuma in wani ya sauke Ghostly Prison ko Propaganda, masu sa ka biya mana biyu kan kowane soja da zai kai masa hari, ja ba shi da amsa sosai in ban da irin su Chaos Warp. Shi ya sa Impact Tremors da Purphoros, God of the Forge ba abin da za a bari ba ne. Suna cizon kowane abokin hamayya da zarar halitta ta shigo, ɗaya na farkon, biyu na biyun. Da Purphoros a fage, gwablin ashirin su shigo lokaci ɗaya, wasa ya ƙare.

Chatterfang, Squirrel General ya zo a Modern Horizons 2 na 2021. Kurege ne, kuma halinsa bai yi nisa da na kuregen tatsuniya ba, ba ya gaba da gaba, ta gefe yake ci. Mana uku ne, kore, amma akwai baƙin mana a rubutunsa, don haka ƙunshinsa kore da baƙi ne. Shi ba ya haifar da komai da kansa. Abin da yake yi shi ne duk lokacin da za ka sami tokin, kowane iri ne, sai a ƙara maka kurege daidai yawansu. Kalmar “kowane iri” ita ce sirrin. Taska, wadda ake fasawa a sami mana, da abinci da alamar bincike, duk tokin ne, ko da yake ba sojoji ba ne. Tireless Provisioner yana ba ka taska ko abinci in ka ajiye ƙasa, sai kurege ya biyo. Tireless Tracker haka. Ma'ana katunan da ke ƙara maka mana da masu ƙara maka kati su ne kuma ke gina maka runduna, ba ka raba ƙunshin gida biyu ba.

Ikonsa na biyu: ka biya baƙin mana ɗaya, ka sadaukar da kurege ko nawa, wata halitta ta sami ƙarin ƙarfi da ragin jiki daidai wannan adadin. Kwamanda ne da ke ɗauke da wuƙarsa.

Abokin kwambonsa Pitiless Plunderer ne, daga Rivals of Ixalan na 2018, mana huɗu, mai ba ka taska duk lokacin da wata halittarka ta mutu. Ka biya mana ɗaya, ka sadaukar da kurege ɗaya. Plunderer ya ba ka taska, Chatterfang ya ƙara kurege. Ka fasa taskar ka sami baƙin mana, ka sadaukar da sabon kuregen, ka dawo inda ka fara. A kowane zagayen wannan da'ira wata halittar abokin hamayya tana rasa jiki ɗaya, don haka kana iya share duk abin da za ka iya nunawa a fagensu, har da waɗanda ba a iya hallaka su da duka, domin halittar da jikinta ya kai sifili mutuwa take. In kuma kana da kurege biyu, ka sadaukar da ɗaya ka nuna ɗayan, su mutu tare, ka sami taska biyu da kurege biyu a kan mana ɗaya. Taska ta zama ba iyaka ke nan.

Yana da kyau a fahimci abu ɗaya a nan, domin na sha ganin an ruɗe: wannan kwambon ba ya ƙara yawan kurege. Biyu ka fara da su, biyu za ka ƙare da su. Abin da yake ƙarawa mutuwa ce da taska. Don haka kisan yana zuwa ne daga Blood Artist ko Zulaport Cutthroat, masu mana biyu-biyu, waɗanda ke zuƙe rai ɗaya a kan kowace mutuwa, ko daga Exsanguinate, mai zuƙe rai daidai yawan manan da ka biya, da za ka zuba masa duk taskar. In runduna ce kake so ka gani da idonka, sai ka ƙara Academy Manufactor, wanda ke mayar da kowace taska ta zama taska da abinci da alamar bincike, uku ke nan, Chatterfang kuma ya biyo da kurege uku. Ko ka sa wani kwambon daban mai arha: Scurry Oak da Ivy Lane Denizen. Itacen, wato Scurry Oak, yana haifar da kurege in an ɗora masa ɗigon ƙarfi, alamar da ke ƙara wa halitta ƙarfi da jiki, Denizen yana ɗora ɗigo in koriyar halitta ta shigo, kuregen kuwa kore ne. Akwai kuma tsohon haɗin Earthcraft da Squirrel Nest, mana biyar kacal. Sai dai Earthcraft, wanda ya fito a Tempest na 1997, yana cikin jerin katunan da kamfanin Wizards of the Coast ya yi alkawarin ba zai sake bugawa ba, don haka tsadarsa ba ta sauka. Ban ga dalilin da zai sa mai sabon gini ya saye shi ba alhali itacen da Denizen suna yin aikin.

Abin da ya sa nake fifita Chatterfang a kan Krenko ta fuskar kwambo shi ne babu kwanciya a cikinsa. Ba ya jiran zagaye. Ka sauke Plunderer da mana ɗaya a ajiye da kurege ɗaya a ƙasa, an fara. In wani ya jefo katin kisa a kan Plunderer, kana iya yin da'irar gaba ɗaya kafin katin nasa ya yi aiki, muddin akwai mana ɗaya a hannunka. Kana ma iya yi a zagayen wani. Ga kuma launukan: baƙi shi ne gidan lalube, da Demonic Tutor da Diabolic Intent, wanda ƙarin kuɗinsa sadaukar da halitta ne, abin da kake da shi a banza. Kore yana da Chord of Calling da Worldly Tutor, kuma duk ginshiƙan kwambon halittu ne. In an kashe Plunderer, Eternal Witness ta dawo da shi. In an sauke katin da ya tsaya maka a wuya, Beast Within da Assassin's Trophy suna cire kusan komai. Ko katin shara ba ya yi maka ciwo kamar yadda yake yi wa Krenko, domin in Blood Artist na nan, kurege goma sha biyar da suka mutu rai goma sha biyar ne wani ya rasa, taskokinka kuma ba halittu ba ne, suna nan.

Inda yake da rauni shi ne farkon wasa. Chatterfang shi kaɗai a fage halitta ce mai uku da uku, ba abin da take yi. Krenko a zagaye na shida yana iya kasancewa ya riga ya fitar da mutum ɗaya daga wasa, alhali kai kana tara taska. Sannan duk injin ya dogara ne a kan mutuwa. Rest in Peace, mana biyu, yana sa halitta ta ɓace a maimakon ta shiga maƙabarta, kuma a dokar wasan abin da bai shiga maƙabarta ba bai mutu ba. Plunderer da Blood Artist duk sun zama gumaka. Wannan katin yana kashe sandar Krenko ma, amma Krenko yana ci gaba da ninka gwablin ɗinsa kamar ba a yi ba.

Ghave, Guru of Spores shi ne dattijonsu. Yana cikin ƙunsoshin Commander na farko da aka sayar a haɗe a 2011. Mana biyar, launi uku, fari da baƙi da kore. Yana sauka da ɗigon ƙarfi biyar. Ka biya ɗaya ka cire ɗigo daga kowace halittarka, ka sami ɗan tsiro, wato tokin mai ɗaya da ɗaya. Ka biya ɗaya ka sadaukar da halitta, ka ɗora ɗigo a kan wata. Yana canza ɗigo zuwa soja, soja zuwa ɗigo, kuma duk katin da ya ƙara ko da ƙwaya ɗaya a wannan musayar ya buɗe da'ira.

Mafi arha shi ne bagadin Ashnod's Altar da kyarkecin Young Wolf. Bagadin yana ba da mana biyu a kan kowace halitta da aka sadaukar. Kyarkecin, mai mana ɗaya, in ya mutu babu ɗigo a jikinsa, yana dawowa da ɗigo ɗaya. Ka sadaukar da shi ka karɓi biyu, ya dawo, ka biya ɗaya Ghave ya cire ɗigon ya zama ɗan tsiro, kyarkecin ya koma yadda yake. Ribar kowane zagaye mana ɗaya da soja ɗaya. Jimilla mana tara. In kyarkecin bai zo ba, Strangleroot Geist yana yi. Cathars' Crusade yana yi. Doubling Season da Parallel Lives da Anointed Procession, masu ninka tokin, duk suna yi. In bagadin Ashnod bai zo ba, Phyrexian Altar yana tsaya masa a yawancin haɗin. Wannan shi ne ƙarfin Ghave: ba ƙofa ɗaya gare shi ba. Abokin hamayya ba zai iya cewa ga katin da zan ajiye wa amsa ba, domin kusan kowane uku daga cikin goma sha wani abu suna haɗuwa. Shi ma ba ya kwanciya, kuma yana da wuyar kashewa a banza, tunda in kana da mana kana iya fasa ɗigoginsa su zama sojoji kafin ya tafi.

To me ya sa ban sa shi a gaba ba? Yawancin haɗinsa katuna uku ne, wato biyu daga cikin 99 ɗin, sannan na huɗu mai kisa, domin 'yan tsiro dubu da suka shigo yanzu ba sa kai hari sai zagaye ya dawo. Yana cin mana kamar wuta. Launi uku yana nufin katunan ƙasa masu tsada, ko kuma ka riƙa zama da farin kati a hannu babu farar ƙasa. Sai kuma abin da ba a cika faɗa ba: wahalar lissafi. Da Cathars' Crusade a fage, kowane soja yana da adadin ɗigo daban da na ɗan uwansa, kuma zagaye ɗaya yana iya ɗaukar minti goma mutum uku suna kallonka. Wanda ya san katunansa kamar yunwar cikinsa zai ji daɗin Ghave shekara da shekaru. Wanda bai gama sanin yadda ikon katuna ke jeruwa ɗaya bisa ɗaya ba, zai wahala ya wahalar.

Za a tambaye ni Rhys the Redeemed. Kwamanda ne mai kyau, mana ɗaya, yana ninka duk tokin halittunka da mana shida. Amma ƙunshinsa na tara runduna ne a rufe da Craterhoof Behemoth, mai ƙara wa rundunar ƙarfi, ba na kwambo ba, kuma shi ne ya fi kowa jin zafin katin shara.

Akwai haɗarin da ya shafi duk ukun, kuma ya kamata a san shi kafin a zauna. A Magic ba a cewa “ba iyaka”. In ka kafa da'ira, doka ta ce ka faɗi adadi. Mutane suna son cewa miliyan, amma Rakdos Charm, mana biyu, yana sa kowace halitta ta yi wa mai ita lahani ɗaya, Massacre Wurm kuma yana kashe ƙananan sojoji ya caje ka rai biyu kan kowanne. Wanda ke da bagadi ko Bombardment a fage yana iya zubar da sojojin kafin abin ya same shi. Wanda ya dogara da Scurry Oak da Denizen kaɗai, babu mafita. Ka haifi abin da kisan ke buƙata, ka tsaya. Cyclonic Rift kuma yana mayar da komai hannu, tokin da ya bar fage kuwa ya tafi ke nan, kuma wannan ba mutuwa ba ce, Blood Artist ba zai ce komai ba sai in ka riga ka sadaukar da su da kanka. Torpor Orb yana toshe duk abin da shigowar halitta ke tayarwa, ya kashe Impact Tremors da Conscripts da Denizen da Crusade, amma bai taɓa kwambon Plunderer ba, bai taɓa na kyarkeci ba. Kati ɗaya kuma da ya kamata ya shiga kowanne cikin ukun shi ne Skullclamp: mana ɗaya ka ɗaura wa tokin mai jiki ɗaya, ya mutu, ka ja kati biyu. Ga Krenko musamman, wanda launinsa ba ya jan kati sosai, wannan shi ne abincinsa.

Sai maganar mutanen da za ka zauna da su, wadda ba ƙarama ba ce. A watan Fabrairu na 2025 Wizards of the Coast ya fito da tsarin matakai biyar na auna ƙarfin ƙunshi a Commander. A yadda aka fara fitar da shi, mataki na ɗaya da na biyu ba a shiga da kwambon kati biyu mai da'ira, a na uku kuma ba a son wanda ke tashi da wuri. Chatterfang da Plunderer kati biyu ne, kuma ɗaya yana hannunka tun farko. Kiki-Jiki da Conscripts ma biyu ne. Wannan salon yana da tarihi: an hana Splinter Twin a Modern, wani tsarin wasan daban, a Janairun 2016, sai Disamban 2024 aka sake shi, an kuma hana Felidar Guardian a tsarin Standard a 2017 saboda haɗinsa da Saheeli Rai, duk don kwafin halitta marar iyaka daga kati biyu. Ka faɗa wa abokan wasanka abin da ke cikin ƙunshinka kafin a raba kati. In teburin na hira da nishaɗi ne, Chatterfang yana tsayawa da ƙafarsa ko an cire Plunderer, Krenko ma haka ko babu sandar. Ghave ne ke da wuyar sassautawa, domin ko ba ka nufa ba katunansa suna haɗuwa.

Idan wannan ne ƙunshinka na farko, ko kuɗinka kaɗan ne, ɗauki Krenko. Katin dutse na asali ya ishe ka ƙasa, gwablin da yawa masu arha ne, kuma za ka ci wasanni tun kafin ka taɓa ganin sandar. Ka dai shirya zama wanda kowa ke nufa da kibiyarsa ta farko, ka sa masu ba da gaggawa akalla biyar ko shida, kada ka sauke shi a zagaye na huɗu tsirara in kana iya jira zagaye ɗaya ka sauke shi da takalmi. Idan ka riga ka yi shekara kana wasa, kana da ƙasashen launi uku, kuma warware lissafi ne ke kawo ka tebur, Ghave naka ne.

Ni dai in aka ce kwambon tokin, Chatterfang nake miƙa wa mutum. Kati ɗaya yake nema, launukansa sun fi kowa iya nemo shi da dawo da shi, ba ya jiran zagaye, kuma a wasan da Plunderer bai zo ba har yanzu kana da taska, kana da kati a hannu, kana da wuƙar da ke hana kwamandan wani zama lafiya. Zan fara da ƙasa 36 ko 37, katunan ƙara mana kamar goma waɗanda rabinsu taska suke bayarwa, masu zuƙe rai uku ko huɗu don kada a dogara da Blood Artist shi kaɗai, bagadi biyu, katunan lalube uku, da Heroic Intervention, mai kare abin da ke fagenka, don ranar shara. Scurry Oak da Denizen su zama hanya ta biyu, tunda Rest in Peace bai shafe su ba. Ƙunshin Squirreled Away da ya fito tare da Bloomburrow a 2024 yana ɗauke da Chatterfang a ciki, don haka wanda ya same shi ya sami tushe, sai ya mayar da Chatterfang kwamanda ya fara sauya katuna ɗaya bayan ɗaya.